Kafin ka dangwala, wasu sun riga sun zaɓa maka: yadda jam'iyya ke aiki

Duk wanda yake Jos a ƙarshen 2023 ya san irin ruɗanin da aka shiga. Jama'a sun fito a watan Fabrairu da Maris sun yi layi sun dangwala, an ƙirga an sanar, waɗanda suka ci sun karɓi satifiket sun yi rantsuwa har sun fara zaman majalisa, sai ga Kotun Ɗaukaka Ƙara tana sauke 'yan majalisar PDP na Filato ɗaya bayan ɗaya, sanatoci biyu, 'yan majalisar wakilai, da 'yan majalisar jiha 16, kuma fa ba cewa aka yi sun yi maguɗi ko sun saci akwati ba, cewa aka yi jam'iyyarsu ba ta da shugabanni na halak a jihar tunda ba ta bi umarnin wata kotu ba na ta sake zaɓen shugabanninta yadda ya kamata, saboda haka ba ta da ikon tsayar da kowa takara. Simon Lalong na APC da ya sha kaye a akwati a Filato ta Kudu, shi ya ƙare a kujerar sanata. Shi kansa gwamna Caleb Mutfwang da PDP ta tsayar an sauke shi a watan Nuwamba, sai da ya je Kotun Ƙoli a Janairun 2024 ta dawo masa da kujerarsa, ta ce yadda jam'iyya ta fitar da ɗan takararta ba hurumin kotun ƙararrakin zaɓe bane, kuma ba ɗan wata jam'iyya ne zai kawo wannan ƙorafin ba. To amma su 'yan majalisa shari'arsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, sun tafi kenan.

Lokacin kowa alƙalai yake zagi, a majalisar shayi a Bauchi Road, a cikin Keke daga Terminus zuwa Farin Gada, ko ina maganar kenan, kuma ni ma ina ganin an zalunci masu zaɓe wallahi. Sai dai akwai abin da kusan babu wanda ya tsaya a kai. Abin da ya ci waɗannan kujerun asalinsa zaɓen shugabannin jam'iyya ne, wanda ake farawa daga mazaɓa, taron da yawancinmu ba mu taɓa zuwa ba, ba mu ma san ranar da ake yi ba. Shi ya sa nake so mu zauna mu fahimci wannan abin da ake ce wa jam'iyya, don a nan ake yanke kusan komai kafin a kira mu mu zo mu sa yatsa a tawada.

A Najeriya babu indifenda. Sashe na 221 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu ƙungiyar da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a sai jam'iyyar siyasa, sannan sassan da suka lissafa sharuɗɗan zama shugaban ƙasa ko gwamna ko ɗan majalisa duk sun ce sai mutum ɗan jam'iyya ne kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Komai farin jininka a unguwa, komai iliminka, ko da duk mutanen Gangare da Unguwar Rogo da Rikkos suna bayanka, in babu jam'iyyar da ta kai sunanka INEC to ba ka cikin lissafi. Ka tuna takardar da aka ba ka a rumfar zaɓe, babu sunan mutum ko hotonsa a jiki, tsintsiya ce da lema da sauran alamomi.

Kotuna sun sha nuna mana ƙarfin wannan maganar. Rotimi Amaechi ya ci zaɓen fidda gwani na PDP a Ribas, jam'iyya ta cire sunansa ta sa Celestine Omehia, Omehia ya yi kamfen ya ci zaɓe ya shiga gidan gwamnati, a Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ce jam'iyya aka zaɓa kuma ɗan takararta na halak Amaechi ne, mutumin da ko fosta bai liƙa ba ya zama gwamna. Daga baya an gyara doka don kada a sake ba wanda bai shiga zaɓe ba kujera, amma ƙofar tana nan a hannun jam'iyya. A Zamfara kuwa a 2019 APC ta lashe komai, gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7, 'yan majalisar jiha 24, amma saboda rigimar ɓangaren Abdul'aziz Yari da na Kabiru Marafa ba ta yi zaɓen fidda gwani da doka ta yarda da shi ba, ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'unta duka sun tafi a banza, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna kwana biyar kafin rantsuwa.

To ita jam'iyyar yaya aka gina ta? Hawa-hawa ce. A ƙasa akwai mazaɓa, irin su Ali Kazaure, Garba Daho, Sarkin Arab, Ibrahim Katsina, Abba Na Shehu a nan Jos ta Arewa, a faɗin ƙasar nan mazaɓun INEC 8,809 ne cikin ƙananan hukumomi 774. Kowace mazaɓa jam'iyya tana da ciyaman da sakatare da ma'aji da shugabar mata da shugaban matasa da sauran 'yan esko. Sama da su akwai na ƙaramar hukuma, sai na jiha, sai na shiyya, sai kwamitin gudanarwa na ƙasa da ke zaune a Abuja, don doka ta ce hedikwatar kowace jam'iyya dole a Abuja take, kuma shugabanninta sai sun fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi, sunanta ko tambarinta kuma kada ya nuna addini ko ƙabila. A rubuce, iko daga ƙasa yake hawa sama, 'yan jam'iyya masu kati su zaɓi shugabannin mazaɓa da deliget, deliget su zaɓi na sama da 'yan takara. A aikace kuwa kowa ya sani daga sama ake turo lis, a zo a karanta sunaye a ce an yi maslaha, a ɗau hoto a watse.

Dalilin da ya sa hakan take yiwuwa kuɗi ne, kuma nan ne nake ganin tushen ciwon yake. Jam'iyya tana buƙatar kuɗin hayar ofis, kuɗin kujeru da tuta, kuɗin mota in za a taro, kuɗin ejan ranar zaɓe, kuɗin lauya. Wa ke biya? A ƙa'ida 'yan jam'iyya ne za su riƙa biyan kuɗin wata-wata, amma ka tambayi duk mai katin jam'iyya da ka sani yaushe rabon da ya biya ko naira ɗari, mu jira muke a ba mu. A da INEC tana raba wa jam'iyyu tallafi, an daina. Sai ya rage mutum ɗaya ko biyu a jiha, gwamna in jam'iyyar ke mulki, in kuwa 'yar adawa ce wani tsohon gwamna ko minista ko sanata, shi zai biya hayar ofis, shi zai yi wa ciyamomi goron sallah, shi zai kai matar sakatare asibiti. Kamar adashe ne da mutum ɗaya yake zuba wa kowa, ranar ɗauka ba wanda zai iya buɗe baki ya ce masa ba layinsa bane. Shi ya sa za ka ji ana ce wa gwamna jagoran jam'iyya a jiha alhali ga zaɓaɓɓen ciyaman nan a zaune. Ciyaman ɗin mazaɓa ba shi da albashi, talaka ne irinmu mai iyali, ban ga laifinsa sosai ba in ya bi wanda ya san ciwonsa, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai kuɗin fom. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2, PDP kuma nata na shugaban ƙasa miliyan 40. Wannan fa kuɗin takarda ne kawai, ba a zo maganar zagayen gaida deliget ba. Malamin makaranta ko nas ko ɗan kasuwar Katako mai gaskiya ina zai samo? Dole sai ya nemi ubangida, ubangida kuma ba sadaka yake yi ba, jari ya zuba, zai dawo karɓar ribarsa da kwangila da kujerun kwamishina. Dokar zaɓe ta 2022 ta sa iyaka kan abin da ɗan takara zai kashe, biliyan 5 ga shugaban ƙasa, biliyan 1 ga gwamna, miliyan 100 ga sanata, amma babu wanda ya yarda ana tsayawa a nan.

Yanzu ga zaɓen fidda gwanin kansa. Dokar 2022 wadda aka yi zaɓen 2023 da ita ta ba jam'iyyu hanya uku, ko 'yar tinƙe wato ƙato bayan ƙato inda duk mai kati zai zaɓa, ko ta deliget, ko maslaha wadda sai duk masu neman kujerar sun sa hannu sun yarda sun janye. Da farko majalisa ta so ta tilasta 'yar tinƙe kaɗai, Buhari ya ƙi sa hannu a Disamban 2021, sai da aka dawo da sauran hanyoyin ya sa hannu a Fabrairun 2022. Kuma dokar ta fito ba tare da ta ba su gwamnoni da 'yan majalisa damar zama deliget kai tsaye ba kamar yadda aka saba, sai zaɓaɓɓun deliget kawai, wannan ya ƙara rage yawan masu zaɓen ya ƙara musu tsada. Ka duba lissafin da kyau. A filin wasa na Abuja a watan Mayun 2022 Atiku Abubakar ya samu tikitin PDP da ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya samu 237, bayan Aminu Tambuwal ya janye wa Atiku ana dab da fara zaɓe. A Eagle Square a watan Yuni Bola Tinubu ya samu tikitin APC da ƙuri'a 1,271, Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. Ƙasa mai rajistar masu zaɓe sama da miliyan 93, amma mutanen da suka fitar mata da manyan 'yan takara biyu duka-duka ba su fi dubu uku da 'yan kai ba, kuma waɗannan mutanen daga taron mazaɓa da na ƙaramar hukuma suka fito, taron nan dai da muke rainawa.

Wasu za su ce to a koma ƙato bayan ƙato mana a huta. Ni ma na fi son shi, don sayen mutum dubu hamsin ya fi sayen mutum ɗari biyar wuya, amma kar mu yaudari kanmu, in rajistar 'yan jam'iyya ba ta gaskiya bace to 'yar tinƙe ma rubutawa kawai ake yi a otel. A 2018 APC ta ce Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 14.8 a 'yar tinƙe shi kaɗai ba abokin takara, a babban zaɓen 2019 da duk ƙasa ta fito ya samu miliyan 15.1, kai ma ka auna. Kuma ko inda rajistar take da kyau ba a tsira daga kuskure, a Ingila a Satumban 2022 'yan jam'iyyar Conservative masu biyan kuɗin kati ne suka zaɓi Liz Truss da ƙuri'a kusan dubu 81 ta zama firaminista, ko kwana 50 ba ta yi ba ta sauka bayan tsarinta na haraji ya girgiza kasuwa. Bambancin shi ne can jam'iyyar ce da kanta ta matsa mata ta sauka, kamar yadda ANC a Afirka ta Kudu ta sauke Thabo Mbeki a 2008 da Jacob Zuma a 2018 suna kan kujerar shugaban ƙasa. Can jam'iyya ta fi wanda ta tsayar ƙarfi. Mu nan ranar da aka rantsar da mutum ranar jam'iyya ta koma aljihunsa, ciyaman ɗin ƙasa ma in ya cika taurin kai sai ka ji mazaɓarsa ta ƙauye ta dakatar da shi, kamar yadda aka yi wa Adams Oshiomhole da Iyorchia Ayu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba haka muka faro ba, musamman mu a Arewa. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, tela da ɗan koli da mahauci su suke sayen kati da kuɗinsu, su yi karo-karo a yi taro, a kama su a kai gaban alƙali a ɗaure a yi musu bulala su fito su ci gaba, Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. In mutum ya ce maka shi ɗan NEPU ne ka san ra'ayinsa kan haraji da aikin tilas da mulkin En'e, in ya ce shi ɗan NPC ne nan ma ka san inda ya tsaya. A 1979 da PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali saboda abin da jam'iyya ta yi alkawari kenan, UPN ta Awolowo ta ba da ilimi kyauta a jihohinta biyar saboda shi ne manufarta. Ba wai lokacin babu rigima ba, PRP ɗin ma ta tsage gida biyu, santsi da taɓo, majalisar Kaduna da NPN ta mamaye ta tsige Balarabe a 1981. Amma dai mai zaɓe ya san abin da yake saye da ƙuri'arsa. Wannan shi ne babban aikin jam'iyya a dimokuraɗiyya, talakan da ba shi da lokacin binciken 'yan takara goma sha ya kalli alama ɗaya ya san me za a yi masa in sun hau, in ba su yi ba kuma ya san wa zai hukunta bayan shekara huɗu.

Soja ne suka fara karya wannan. Duk juyin mulki sai a rushe jam'iyyu, 1966, 1983, a dawo a fara daga farko. Babangida a 1989 ya ƙi yi wa ƙungiyoyin da jama'a suka kafa rajista, ya ƙirƙiro SDP da NRC da kansa, gwamnati ta rubuta musu manufa ta gina musu ofisoshi ta ba su kuɗi, daga nan mutane suka koyi cewa jam'iyya abin gwamnati ce, wurin karɓa ne. Kuma garin nan namu ya ga tarihin da idonsa, a Jos aka yi babban taron SDP a Maris 1993 inda MKO Abiola ya kayar da Babagana Kingibe bayan Atiku ya janye, a Jos kuma PDP ta yi nata a Fabrairun 1999 inda Obasanjo da bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba ya kayar da Alex Ekwueme wanda yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar, lokacin Solomon Lar ɗan Filato ne ciyaman ɗinta na ƙasa. Yanzu ma ciyaman ɗin da APC ta naɗa a Yulin 2025, Nentawe Yilwatda, ɗan jihar nan ne.

Tunda babu manufa da ta ɗaure mutum da jam'iyya, sauya sheƙa ta zama ruwan dare. Kundin tsarin mulki a sashe na 68 da na 109 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta rabu gida biyu, to shi ya sa duk mai shirin tafiya za ka ji yana cewa rikici ya yi wa jam'iyyarsa katutu, kuma shugaban majalisa ne zai ayyana kujerar babu kowa, shi kuwa in wurinsu aka koma ai ba zai yi ba. Gwamna kuma babu ma sashen da ya hana shi. A 2013 gwamnonin PDP biyar suka koma APC har da Kwankwaso da Wamakko da Amaechi, a 2025 gwamnonin Delta da Akwa Ibom da Enugu suka bar PDP suka koma APC, kuma duk inda gwamna ya tafi ciyamomi da kansiloli da 'yan esko sai su bi shi rana ɗaya, wanda ya dangwala wa lema ya wayi gari ƙuri'arsa tana hannun tsintsiya ba wanda ya tambaye shi. Wannan yana kashe adawa, ita kuwa adawa ba ƙiyayya bace, aiki ne, su ne za su bi kasafin kuɗi layi-layi, su tambayi ina kuɗin hanyar nan, su zauna cikin shiri don in jama'a sun gaji a samu wanda za a miƙa wa. Ghana kusa da mu jam'iyyu biyu NPP da NDC sun karɓi mulki daga hannun juna a zaɓen 2000 da 2008 da 2016 da 2024, wanda ya faɗi yana zama a gidansa ya gyara ya jira.

Kada a ce ban faɗi alherinsu ba, don akwai shi, kuma mu a Filato ya kamata mu fi kowa ganinsa. Kafin mutum ya zama shugaban ƙasa sai ya samu rinjaye da kuma kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi, gwamna ma haka a ƙananan hukumomi, wannan ya sa babu ƙabila ko addinin da zai ci shi kaɗai, dole a haɗu a cikin jam'iyya a yi ciniki. APC kanta haka aka haife ta a 2013, ACN mai ƙarfi a ƙasar Yarbawa, CPC da ANPP masu ƙarfi a Arewa, da wani ɓangare na APGA, suka haɗu suka kayar da jam'iyya mai mulki a 2015 karon farko a tarihin ƙasar. Karɓa-karɓar gwamna a jihar nan ma babu ita a kundin tsarin mulki, fahimta ce ta cikin jam'iyyu, Joshua Dariye daga tsakiya, Jonah Jang daga arewa, Lalong daga kudu, Mutfwang ta sake komawa tsakiya. Da PDP ta karya ta a 2015 ta tsayar da GNS Pwajok daga shiyya ɗaya da Jang, jama'a suka juya mata baya ta faɗi. Kuma a 2023 mutanen Filato sun yi wake da shinkafa, suka ba Peter Obi na LP a zaɓen shugaban ƙasa, suka ba PDP gwamna. A gari irin Jos da muka san rikicin da zaɓen ƙaramar hukuma ya jawo mana a Nuwamban 2008, ofishin jam'iyya yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda Bahaushe da Birom da Afizere da Anaguta da Ibo suke zama benci ɗaya suna lissafin wa za a ba ciyaman wa za a ba mataimaki wa za a ba sakatare. In wannan zaman ya yi kyau zaɓe yana zuwa da sauƙi, in aka yi ɗauki-ɗora aka rufe wa wani ɓangare ƙofa to a titi ake jin sakamakon.

Zaɓen ƙananan hukumomin ma wani ciwon ne, tunda hukumar zaɓe ta jiha ke yi ba INEC ba, kusan ko ina jam'iyyar gwamna ke kwashewa kaf. A 2021 hukumar zaɓen jihar Filato, PLASIEC, ta hana PDP shiga zaɓen gaba ɗaya kan wannan maganar ta shugabanci, APC ta kwashe duka ƙananan hukumomi 17. Alhali kujerar kansila ita ce makarantar da ƙaramar jam'iyya za ta koyi mulki ta nuna wa mutane abin da za ta iya. In an toshe nan, ƙananan jam'iyyu sai su zama na haya, wanda ya faɗi firamare a babba ya zo ya karɓi tikiti ya yi takara ya koma. A 2019 jam'iyyu 91 ne da 'yan takarar shugaban ƙasa 73, a Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar 74 saboda ba su cika sharuɗɗa ba aka bar 18. LP ta samu ƙuri'a sama da miliyan 6 a 2023 amma saboda ba ta da mutane a mazaɓu, rumfuna da dama ko ejan ba ta da shi, bayan zaɓe kuma ta faɗa rigimar shugabanci. Farin jini a Facebook daban, mutum goma sha da za su zauna a ofishin mazaɓa shekara huɗu daban.

Ni dai abin da nake roƙon matasanmu da iyayenmu mata, musamman masu ilimi da masu sana'ar da ba sa jiran kowa ya ba su na cefane, su daina cewa siyasa ƙazanta ce su shiga. Ba sai ka yi takara ba. Ka zaɓi jam'iyyar da ta fi kwanta maka, ka je ofishinta na mazaɓarku ka yanki kati, ku haɗu ku ashirin ko talatin ku riƙa biyan kuɗin wata har ku iya biyan hayar ofishin da kanku, don ciyaman ɗin da 'yan unguwa ke riƙe da shi yana iya cewa a'a in aka turo lis. Ba a fafe gora ranar tafiya, zaɓen shugabannin mazaɓa da na deliget ana yin su ne tun da sauran watanni masu yawa kafin babban zaɓe, kuma ba a ɓoye ya kamata a yi ba, dokar 2022 da aka yi zaɓen 2023 da ita ta ce jam'iyya ta sanar da INEC aƙalla kwana 21 kafin kowane irin wannan taro, ta kuma miƙa mata rajistar 'ya'yanta kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani. Wanda ya shiga takarar fidda gwani aka zalunce shi yana da kwana 14 kacal ya kai ƙara, in ya wuce shikenan. In ka je yankar katin kuma kada ka tsaya a katin kawai, ka sa sakatare ya buɗe littafin rajista ka ga sunanka da lambarka da idonka, don ranar taro littafin ake dubawa kafin a bar mutum ya shiga layi.